Shekarar da Na Ƙi Sauke Goyo

Akwai wata magana da kuka taso kuna ji a gidan nan, kuna kuma maimaita ta kuna dariya duk ranar salla in kun taru: wai na goye babbar yayarku har sai da ƙafafunta suka fara dukan cinyoyina, wai shi ya sa har gobe ba ta son tafiyar ƙasa. Akwai kuma ta biyu, wadda ba kwa faɗa a gabana amma tana dawo mini: wai akwai shekarar da na taɓu, na riƙa yawo da matashin kai a goye tsakanin Fagge da Sabon Gari. To, duka biyun an yi. Na goye ta har ta kai shekara biyu da rabi, na kuma goyi matashi da rana tsaka mutane suna kallo. Dalilin ne ba ku sani ba, kuma waɗanda suka san shi duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni. Ranar da likita ya duba jikata Zara ya ce abin da ke kafaɗarta irin nawa ne, har yana maganar a yi mata aiki a ɗaure allon kafaɗar a jikin haƙarƙari, na ga uwarta, babbar yayar taku, ta shiga ɗaki ta turo ƙofa, na ce lokaci ya yi. Yatsuna dai lafiyarsu lau. In na kafa gwiwar hannu a kan tebur, ina iya rubutu har la'asar.

Ciwon nan a wurin babana na gaje shi. Mutumin Borno ne, fataucin kanwa ya kawo shi Fagge tun ba a haife ni ba, ya zauna ya zama ɗan gari. Bai iya yin fito da leɓe ba, bai iya hura wuta ba, in kuwa yana barcin rana idonsa ba ya rufewa duka, mu yara mu yi ta sanɗa muna tsammanin kallonmu yake yi. Rawani sai ya sunkuyar da kai har kusa da gwiwa kafin ya naɗa. Mutane suka ce iska ce ta shafe shi a bakin wata rijiya a hanyar gabas, shi ma ya yarda, ya sha rubutu har ya gaji. Likitocin yanzu sun ce ciwon tsoka ne mai bin jini, yana cinye naman fuska da na kafaɗa a hankali. Nawa ya fara ne ina budurwa, ranar da na kasa kai tulu bisa kaina. Kun sha cewa Inna ba ta dariya. Ina yi, har cikina ya yi ciwo, fuskar ce ba ta isar da saƙon.

Bari in gaya muku yadda abin yake, tunda ku masu lafiya ba ku taɓa tunanin bayanku ba. Allon kafaɗa, wato faffaɗan ƙashin nan na baya, a jikin mai lafiya nama ne ke riƙe shi ya kwanta luf a kan haƙarƙari, hannu ya sami abin dogara in zai tashi. Nawa naman ya saki. Da na fara ɗaga hannu sai ƙashin ya ɓullo waje kamar fiffiken kaza, hannun ya tsaya bai ko kai saitin kafaɗa ba, komai yunƙurina. Ƙarfi yana nan a damtse da yatsu, wurin tsayawa ne babu. Babanku ya san da haka tun kafin aure, don a hannun babana ya koyi fatauci. Bai taɓa yi mini maganar ba. Na dai tare na tarar an sauko da igiyar shanya, an sauko da ragayar da ake rataye ƙwarya, komai na gidan ya dawo daidai ƙirjina. Allah ya jiƙan mutumin nan.

Mahaifiyar babanku kuwa a Nguru take, muna ce mata Iya. Doguwar mace ce mai ido kamar na shaho, ba muguwa ba ce, amma in ta yanke magana ta yanku. Da na haifi yayarku aka sa mata sunan Iya na yanka, ita kuma ta hawo jirgin ƙasa ta zo suna. Kwana biyu ta yi tana kallon gidan. A rana ta uku na fito daga wanka na tarar ta ɗage ragaya ta mai da ita sama, inda kowace mace ke rataye tata.

"Fanna, miƙo mini ƙwaryar can," in ji ta.

Na je na tsaya a ƙarƙashin ragayar. Na ɗaga hannu, ya tsaya inda ya saba tsayawa. Na yi ɗage, na karkace, na sake gwadawa.

"Bari haka nan, na gani," in ji Iya. "Ba laifinki ba ne, haka Allah ya yi ki. Amma 'ya mace sai an koya mata daka da ɗaukar tulu. In ta hau wani abu wa zai sauko da ita? Ranar yaye zan zo in tafi da takwarata. Dama 'yar fari ce, ba taki ba ce."

Na ce, "To, Iya."

Me zan ce? A zamaninmu uwa ba ta nuna tana son ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an ce za a ɗauke shi sai ta kau da kai kamar ba da ita ake ba. Na kau da kai yadda aka koya mini. Amma tun ranar da aka ɗora mini yarinyar nan a cinya na san ba zan iya ba da ita ba.

Daga nan zan juyo gare ki, ke babbar, don sauran labarin naki ne. Kina wata biyar, kin yi ɓul-ɓul, wata safiya na goye ki na ɗaure zani tamau a ƙirji, na ƙara majanyi, ina shanya tsummokaranki. Iska ta kwashi ɗaya ta ɗora a kan katanga. Ban yi tunanin komai ba, na miƙa hannu na ɗauko. Sai da tsumman ya zo hannuna na tsaya cak. Katangar nan ta fi ni tsayi. Na sake ɗaga hannun, ya tafi sama har na ga tafina tsakanina da rana, abin da rabona da gani tun ina yarinya. Na kwance ki na ajiye a tabarma, na ɗaga, ya tsaya a inda ya saba. Na mai da ke, na ɗaure, ya tashi. Sau uku ina yi, har kika gaji da ni kika tsala kuka. Da babanku ya dawo daga tasha na ce ya tsaya ya gani. Ya kalla, ya zagaya bayana, ya sake kalla, sannan ya fashe da dariya.

"Ashe likita muka haifa ba mu sani ba," in ji shi.

Shekarar nan ban taka ƙasa ba don daɗi. Na yi daka har maƙwabta suka leƙo su ga wa aka ɗauko aiki. Na ɗaura ɗankwalina da kaina, na yi shafar kai a alwala ba tare da na sunkuya kamar mai neman allura ba. Turaren wutar da nake haɗawa na sayarwa, wanda da sai na jira a sauko mini da tukwanensa, na riƙa jera shi a saman kanta. Duk wannan kina bayana, daga safe har yamma, ba na sauke ki sai wanka da barci. Da kika kai lokacin yaye saƙo ya zo daga Nguru ta bakin wani bafatake, na ce a gaya wa Iya kina haƙori. Bayan wata uku wani saƙon ya zo, na ce ana ƙyanda a gari, ba a yaye yaro a irin wannan lokaci. Ƙarya dai na shara ta, Allah ya yafe mini. Babanku yana ji, sai ya duƙar da kai yana jan carbi.

Abin da ya karya ni ba Iya ba ce, ke ce. Kin iya tafiya, kin iya gudu, bakinki ya fara buɗewa. Wata rana 'ya'yan maƙwabta suka shigo suna wasan ƙasa a tsakar gida, ni kuma ina da daka a gabana, na kamo ki na saɓa a baya. Kika riƙa dukan wuyana da ɗan hannunki kina cewa, "Sauka! Sauka!" Ban sauke ki ba sai da na gama dakan. Da na kwance ki na ga shatin zani a cinyoyinki, kika ruga wurin yaran ba ki ko waiwayo ni ba. Na zauna a kan turmi na tambayi kaina abin da nake gudun tambaya: shin yarinyar nan don ina sonta nake riƙe ta, ko don hannuna? In don hannuna ne, ai Iya ta fi ni gaskiya, gara a tafi da ke inda za ki yi wasa. Ban sami amsa ba, kuma rashin amsar ya fi ciwon kafaɗar ci mini rai.

A lokacin akwai wata mata mai keken ɗinki a Sabon Gari, Rifkatu, Kirista ce daga wajen Zariya, mijinta akawu ne. Takan shigo gidajen Fagge ta auna matan da ba za su tsaya gaban tela namiji ba, kuma tana sayen turarena. Ta girme ni, ina ce mata Yaya. Tana yarinya ta yi aiki a ɗakin ɗinki na wani asibitin mishan, inda suke ɗinka bandeji da ɗamarar masu ciwon baya, saboda haka idonta ya saba da jikin mutane. Ta zo auna ni rigar salla, ta ce in sauke ki.

"Auna haka nan, Yaya," na ce.

"In auna ki da goyo? Rigar mutum biyu zan ɗinka? Fanna, na daɗe ina kallonki. Yarinyar nan ta isa aike, ke kuma ba kya sauke ta. Mene ne a bayan nan?"

Ban san abin da ya sa ba, na tura ƙyaure na nuna mata. Ba ta yi salati ba, ba ta ce wayyo ba. Ta sa hannu ta taɓa ƙasusuwan kamar mai duba yadi.

"Naman da ya tafi ba ya dawowa, kada in yaudare ki," in ji ta. "Amma abin da yarinya ke yi, zare da allura ma za su iya. Ki zo gida, keken ba ya tasowa."

Ku da kuke shiga Sabon Gari yanzu a cikin adaidaita sahu kamar ɗakin uwarku, ba za ku gane nauyin wannan magana ba. Ba a daɗe da yin wata rigima tsakanin unguwannin biyu ba, mutane ba su gama sakin jiki da juna ba, kuma matar aure ta Fagge da aka gani tana tsallaka titi zuwa can ta ba da abin faɗa na wata guda. Na gaya wa babanku. Ya ce ranar Talata yana da kaya a tasha, ba zai dawo ba sai la'asar, kuma shi ba ya ƙirga wanda ya fita bayansa.

Wautar da muka fara yi kuwa, har yau in na tuna sai na yi dariyar nan tawa da ba kwa gani. Mu biyu muka zauna muka yanke cewa nauyinki ne maganin. Saboda haka Rifkatu ta ɗinka matashi daidai girmanki, muka ɗura masa yashi har ya yi nauyin yaro, na goya, na ɗaure da majanyi, na yafa mayafi. Ranar na bar ki a wurin goggona. Hannun ya ɗan motsa kaɗan, muka ce wataƙila sai ya saba, in tafi da shi gida in gwada. Na ratso kasuwa, na tsallako titi, gumi yana zuba, na shigo layinmu lafiya. Saura gida uku in kai, sai ga Tabawa maƙwabciyarmu, wadda in ta ji magana da safe kafin azahar ta kai kasuwar Kurmi.

"A'a, Fanna, daga ina da ranar nan? Ina 'yar tawa, barci take?"

Kafin in kauce ta ɗaga mayafin. Ta ga goyo ba kai, ba ƙafa. Ta ja da baya tana salati, takalminta ɗaya ya tsaya a wurin. Kafin magariba duk Fagge ta ji cewa 'yar mai kanwa ta taɓu, iskar ubanta ta dawo kanta, wasu suka ce a coci aka ba ta abin. Babanku ya shigo daga masallaci, inda aka tare shi da labarin, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Fanna, an ce kin goyi matashi."

"Na goya, Malam."

"Ya yi aiki?"

"Bai yi ba."

"To, a sake wani."

Washegari ya dawo da yankin tamfol na mota da tsohon bel na soja da ya samo wurin wani abokinsa da ya je yaƙi, ya ajiye a kan gadona.

Komawa ta biyu da ke na tafi. Rifkatu ta ce wannan karon ba za mu yi zato ba, za mu tambayi mai aikin. Na goye ki yadda na saba, ta zura hannunta tsakanin ƙirjinki da bayana, ta ce in ɗaga hannu in sauke, in ɗaga in sauke. Kina ta ƙyalƙyala dariya kina tsammanin cakulkuli take yi miki. Can ta ce, "Af! Ba nauyi ba ne." Nauyinki a ƙuguna yake zaune, bai shafi kafaɗa ba. Bakin zanin da nake ja tamau shi ke matse ƙirjinki a kan ƙasan ƙasusuwan biyu, ya hana su ɓullowa. Dannawa ake so, a wuri biyu, kowanne bai fi tafin hannu ba. Ta ɗauko allin tela ta zana wuraren a fatata. Kwana huɗu ta yi tana ɗinki tana farkewa. Abin da ya fito wata 'yar shara ce ta tamfol, da ƙananan matasai biyu na fata cike da audugar rimi a daidai inda ta zana, da maɗauri biyu da suka hau kafaɗa suka gitta a baya suka zagayo gaba, ƙarfen bel ɗin a ƙasan ƙirji inda hannuna ke kaiwa, don in riƙa ɗaurewa da kaina. Da na koma karɓa na sa, na ja har numfashina ya ɗauke, na ɗaga hannu na dafa saman ƙofarta. Kina zaune a ƙasa kina wasa da ƙyallaye. Rifkatu ta ce, "Mun gode wa Ubangiji," na ce, "Alhamdu lillahi," muka rungume juna muna kuka kamar waɗanda aka yi wa rasuwa.

Kada ku ɗauka daɗi ne sa ta. Bazara ce, tamfol ba ya shan gumi, ya goge mini hammata har ya yi gyambo, kuma ba na iya jan numfashi mai tsawo sai na sassauta. Hannun ma ba ya kaiwa inda na mai lafiya ke kaiwa, ya dai wuce kaina, kuma wannan ya ishe ni. Ranar farko na sake ki tun safe, kika yi wasa har kika yi buɗu-buɗu da ƙasa, ni kuma na yi dakana, na yi shanyata, ba abin da ya gagare ni. Da azahar ta yi na ga na kasa zama. Ina ta leƙa zaure, ina kasa kunne in ji muryarki, bayana yana mini wani irin sanyi. Ba abin da nake bukata a wurinki, hannuna yana tashi ba ke, amma sai da na je na ɗauko ki na ɗora a cinya na shinshini ƙurar kanki kafin hankalina ya kwanta. A nan na sami amsar tambayata. Da yamma na ce wa babanku ya aika Nguru a ce Iya ta zo yaye, ya kuma mai da ragaya sama inda ta taɓa rataye ta.

Ta iso ranar Alhamis. Juma'a da hantsi mata suka taru, su bakwai har da Tabawa, aka dama kunun yaye na zuba a babbar ƙwarya na sa babanku ya rataye tun kafin su shigo. Aka ba ki rubutu kika sha, Iya ta kwance ki daga bayana da hannunta ta ɗora a cinyarta.

"To, Fanna, kin yi ƙoƙari, har kin wuce gona da iri. Gobe jirgin safe za mu bi."

Na ce, "Iya, ba za ta je ba."

Wata ta saki ludayi.

"Me kika ce?"

"Na ce a bar mini ita."

"A kan 'yar fari kike buɗe baki, a gaban mutane? Ina kunyarki?"

"Iya, kin ce saboda hannu ne. Ga hannun."

Na tashi na je ƙarƙashin ragaya. Ƙwaryar cike take, kuma ban taɓa gwadawa da mai nauyi haka ba. Na ɗaga hannu biyu, na tallafo ta, na sauko da ita a hankali, na taka har gaban Iya na durƙusa na ajiye. Ko ɗigo bai zuba ba. Sannan na ɗauke ki daga cinyarta na ɗaga ki sama har kika taɓa reshen dalbejiya, kina dariya. Shekara sittin ke nan, kuma in aka ce in zaɓi rana ɗaya a rayuwata in sake yin ta, wannan zan zaɓa.

"Wane boka ne ya yi miki wannan?" in ji Iya.

"Sabon Gari take zuwa," in ji Tabawa, wadda ba a tambaya ba.

Iya ta miƙo hannu ta shafa bayana, ta ji tauri. Fuskarta ta sauya. "Laya ce, ko abin Kiristoci aka rataya miki?"

Ban da babanku da Rifkatu, ba wanda ya ga bayana tun ina budurwa. Na ɓoye shi a wankan jego, na ɓoye shi a gidan biki, na fi son a ce ina da girman kai da a gan shi. Ranar na tuɓe riga a gaban mata bakwai, na kwance ƙarfen bel, na ajiye 'yar sharar a tabarma, na juya musu baya na ɗaga hannu. Ƙasusuwan suka ɓullo, na ji wata ta ja numfashi.

"Iya, sa tafinki a nan. Danna da ƙarfi."

Ta danna, hannun ya tashi.

"Saki."

Ta saki, ya faɗo. Ba wanda ya ce ta sake, amma ta sake, har sau uku, kamar yadda na yi ranar tsumma. Sannan yatsanta ya kai kan gyambon hammatata, ta tsaya a nan ta daɗe. Ta ɗauki 'yar sharar ta jujjuya, ta duba ɗinkin ciki da waje.

"Mai ɗinkin ta iya," in ji ta. "Amma wa ya ce a sa tamfol a jikin mutum, sai ka ce buhun gyaɗa? A samo mini fatar akuya mai laushi da man kaɗanya."

Kwana shida ta ƙara, ta shafe cikin rigar da fata da allurarta, tana yi tana faɗa. Ranar da za ta tafi ta kira ni ɗaki, ni kaɗai.

"Kin ci wannan, na bar miki ita. Amma kin mai da mini magana a gaban mutane, kuma za a kai labarin har Nguru. Abin da ya rage mini ki riƙe shi. Kada in ji an ce kin kira sunan yarinyar nan, ko kin ɗora ta a cinya a gaban jama'a, ko kin yabe ta. Kunyar da kika zubar yau, ki kwashe ta."

Na ce, "Na ɗauki alkawari, Iya."

Ta hau jirgi ita kaɗai. Shekara tara ba ta sake kwana a gidana ba, matan Fagge kuma suka daɗe suna ce mini marar kunyar 'yar fari. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne alkawarin, don na riƙe shi fiye da yadda ita ma ta nema, kuma ba ni na biya shi ba, ke kika biya. Ƙannenki na kira sunayensu, na yi musu rawa, na yi musu kirari. Ke kuwa "ke" ce, ko "yarinyar nan". Kika ci jarrabawa na ce a ba ki abinci. Aka kai ki ɗakin miji na tsaya a bayan ƙyaure. Iya ta rasu, bakina ya riga ya saba, na kasa. Ga fuska kuma da ba ta nuna komai. Na san abin da kika ɗauka, na gan shi a idonki tun kina 'yar shekara bakwai, kuma kin yi haƙuri ba ki taɓa tambayata ba.

Rigar nan na sa irinta shekara ashirin da wani abu, Rifkatu ta ɗinka mini uku kafin su koma Zariya, har ciwon ya ci gaba ya kai inda ɗauri ba ya taimako. Da ita na raine ku duka, na yi muku kitso, na sauko da ku daga kan katanga. Ta ƙarshen tana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona. Ku ɗauka ku kai wa likitan Zara ya gani, ku gaya masa wata mai turare da wata mai keke sun gano inda ake dannawa tun kafin a haife shi, kuma yarinya 'yar shekara biyu ce ta koya musu. Maganar aiki kuwa, ku da shi da Zara za ku yanke, ni ban san aikin asibiti ba. Abin da na sani shi ne in aka riƙe ƙashin nan hannu yana tashi, kuma mace tana iya yin rayuwa cikakkiya da shi.

Ke kuma ki fito daga ɗakin nan, ki daina cewa ke kika ja wa 'yarki. Ni ban ce babana ya ja mini ba. Kin riƙe mini kafaɗa shekara biyu ba ki sani ba, da na sami abin da zai riƙe ta a madadinki kuma na tuɓe riga a gaban Fagge don kada a raba ni da ke. Sai dai Iya ta yafe mini, na riƙe mata alkawarinta shekara sittin, ya isa haka.

Falmata. Falmata, 'yata ta fari. Ga shi na rubuta, hannuna ko rawa bai yi ba. In kin gama karantawa ki zo ki ɗaura mini ɗankwali, in faɗa miki shi da bakina.